Abin da Madubin Lab Ya Koya Mini Game da Oksijin Mai Ƙuna

Mu da muka koyi aikin gwajin jini a Zariya a ƙarshen shekarun 1970, a kan cututtuka uku aka yaye mu: zazzaɓin cizon sauro, sikila da ƙarancin jini. Su ne suke cika bencin asibiti, su ne kuma suke fitowa a jarrabawa. Fararen ƙwayoyin jini kuwa, iyakarmu da su ƙidaya. A shafa jini a gilashi, a rina shi, a sa a madubi, a ƙirga ɗari, a rubuta adadin kowane iri, a miƙa wa likita. Yanzu da na ajiye aiki, idan na waiwaya, babu abin da ya fi tsaya mini a rai cikin ɗan ilimin da na tara kamar wani inzayim guda da ke cikin waɗannan fararen ƙwayoyi, da irin tsarin da Allah Ya shimfiɗa domin riƙe shi.

Sunansa NADPH oksidas. Inzayim furotin ne da ke hanzarta wani aiki a jiki, kuma kowanne da nasa aikin. Shi wannan, aikinsa ya ciro ilektiron daga wani sinadari mai suna NADPH ya ɗora wa iskar oksijin da muke shaƙa, sai ta rikiɗe ta zama sufaroksayid. Daga sufaroksayid ake samun haidirojin feroksayid, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke gyambo da shi. Daga nan wani inzayim ɗin, mayelofiroksidas, ya haɗa shi da kulorayid na gishirin jiki, sai a sami ɗan'uwan bilicin da ake wanke fararen kaya da shi. Mayelofiroksidas kore ne, shi ne ma yake ba mugunya da majinar mai mura launin kore-kore. Waɗannan sinadarai su nake kira oksijin mai ƙuna, kuma da su farar ƙwayar jini da ake ce wa niyutirofil take hallaka ƙwayar cutar da ta haɗiye.

Wani malaminmu na kimiyyar sinadaran jiki ne ya fara ba mu labarin, wata rana da rana tsaka, ana zafin bazara. Ya ce tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Baldridge da Gerard, suka lura cewa idan fararen ƙwayoyi suna cin ƙwayoyin cuta, shan oksijin ɗinsu yakan tashi farat ɗaya. Aka ɗauka ƙarfin aiki suke nema. Sai a 1959 Sbarra da Karnovsky suka nuna cewa gubar sayanayid, wadda take tsayar da numfashin ƙwaya na yau da kullum, ba ta tsayar da wannan. Ke nan oksijin ɗin wani wuri dabam yake tafiya. A 1964 Rossi da Zatti a Italiya suka ce NADPH ne abincin inzayim ɗin. A 1973 Bernard Babior ya tabbatar da cewa sufaroksayid ake ƙerawa. A 1978 kuma, wato dab da lokacin da muke zaune a ajin, Anthony Segal a Landan ya gano wani furotin mai ƙarfe a tantanin ƙwayar, wanda ilektiron yake bi ta cikinsa.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to idan jininmu yana dafa bilic, me ya hana mu ƙonewa?”

Malam ya ajiye alli ya ce, “Wannan tambayar taki ita manyan masana suke bi yanzu haka. Ku riƙe ta, a zamaninku za a amsa ta.”

Na riƙe ta kuwa. Amma kafin amsar ta iso, sai da aiki ya nuna mini ɗaya gefen maganar, wato abin da yake faruwa idan inzayim ɗin ba ya aiki sam.

A tsakiyar shekarun 1980 ina aiki a lab ɗin wani babban asibiti, aka riƙa kawo wani yaro da bai wuce shekara uku ba. Maruru ne ba ya ƙarewa. Yau a wuya, gobe a cinya, jibi a ɗuwawu. Kaluluwar hammatarsa ta kumbura ta fashe tun bayan allurar BCG, ta ƙi warkewa. Mun duba sikila, jininsa AA ne. Ba tamowa, ba ciwon suga. Fararen ƙwayoyinsa ma sun fi adadin da ake so, kuma a madubi kamanninsu lafiya lau. Likitan yara, wanda ya yi karatu a waje, ya ce a yi masa gwajin NBT, gwajin da Baehner da Nathan suka fito da shi a Boston a ƙarshen shekarun 1960. Muka samo hodar a wajen wani abokin aiki da ke jami’a.

Gwajin ba shi da wuya, sai dai yana son natsuwa. Ruwan NBT rawaya ne mai haske. Ana haɗa shi da ɗanyen jini, a ƙara wani abu da zai tsokani fararen ƙwayoyin, a ajiye a ɗumi daidai na jikin mutum, digiri 37, na ɗan lokaci, sannan a shafa a gilashi. Duk ƙwayar da ta ƙera sufaroksayid, rawayan zai koma shuɗi mai duhu ya daskare a cikinta. Dole a haɗa da jinin mai lafiya domin kwatantawa, saboda haka na soki ɗan yatsana. Da na sa gilashina a madubi, ƙwayoyin sun cika da dunƙule-dunƙulen shuɗi, wasu har sun yi baƙi. Na sa na yaron. Na bi gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, na sake komawa. Ko ɗigo babu. Ƙwayoyin nan ga su cikakku, amma fayau. Gani ya kori ji: ranar na san cewa abin da Malam ya rubuta a allo rai ne da mutuwa.

Likita ya ce a gwada uwar. Nata gilashin ya fi ba ni mamaki. Wasu ƙwayoyin shuɗi, wasu fayau, a cakuɗe gefe da gefe. Dalili shi ne ƙwayar gadon babban sashen inzayim ɗin tana kan kuromosom X. Namiji guda ɗaya gare shi, idan ta lalace ba shi da madadi. Mace biyu gare ta, kuma kowace ƙwayar jikinta takan kashe ɗaya ta yi aiki da ɗaya, kamar yadda Mary Lyon ta bayyana a Ingila a 1961. Rabin da ke aiki ya ishi uwar ta zauna lafiya.

Likitan ba ya jin Hausa sosai, ni na yi tafinta. Uwar ta zo da mahaifiyarta, dattijuwa mai yawan shiru. Da muka gama bayani, tsohuwar ta dube ni ta ce, “Ɗana, ka gaya mini gaskiya. Ba jifa ba ne?”

Na ce, “Inna, ba jifa ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne. Halitta ce, a jini take, daga Allah.”

Ta yi shiru, sannan ta ce ’ya’yanta maza biyu da irin wannan marurun suka rasu suna ƙanana, kuma shekara da shekaru tana zargin abokiyar zamanta a zuci. Ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, “Allah Ya yafe mini.”

Likitocin Minnesota ne suka yi cikakken bayanin cutar a 1957, ana kiranta CGD a taƙaice, kuma a wancan zamani yawancin yaran ba sa kai shekara goma. Aka ɗora yaronmu a kan Septrin kullum. Marurun ya ragu ƙwarai, har ya shiga makarantar allo. Daga baya ciwon ƙirji ya kama shi, ya rasu bai kai goma ba. Allah Ya sa mai ceto ne.

Amsar tambayar ’yar ajinmu ta riƙa zuwa gutsure-gutsure a mujallun kimiyya da muke karantawa a laburare. A 1984 Edgar Pick da abokiyar aikinsa a Isra’ila suka farfasa fararen ƙwayoyi, suka ware tantani dabam, ruwan cikin ƙwayar dabam. Tantani shi kaɗai ba ya ƙera komai, ruwan ma haka. Sai an haɗa su, an ƙara abin tayarwa, aiki yake kankama. A 1986 ayarin Stuart Orkin a Boston suka gano ƙwayar gadon da ta lalace a yara irin namu. A 1988 aka gano furotin biyu na cikin ruwan, p47 da p67. A 1991 aka gano Rac, a 1993 kuma p40. Ashe inzayim ɗin sassa shida ne, kuma idan ƙwayar tana hutawa ba a barin su wuri ɗaya.

Lokacin na fara koyar da ɗalibai masu koyon aikin lab, kuma da kawuna nake ba su misali. Maharbi ne a ƙauyenmu. Ban taɓa ganin bindigarsa a ɗure cikin gida ba. Bindigar tana rataye a bango, albarushi yana cikin ƙaho a wani lungu, harsasai suna cikin burgami. Ba ya ɗura ta sai ya shiga daji, ba ya ɗana kunama sai ya ga nama. Haka niyutirofil take yi da nata makamin.

Sassa biyu suna zaune cikin tantani: babban, wanda yanzu ake kira NOX2, da ƙaraminsa p22. NOX2 shi ne hanyar ilektiron. Yana karɓa daga NADPH ta ciki, ya miƙa wa wani sinadari mai suna FAD, daga nan ya bi ta ƙarfe biyu da ke jere cikin tantanin, ya fita ya sami oksijin a ɗaya gefen. Amma a ƙwayar da ke hutawa, mafi yawan waɗannan sassa biyu ma ba a saman ƙwayar suke ba, suna ɓoye cikin ƙananan jakunkuna a cikinta. Wasu uku, p47, p67 da p40, suna yawo tare a cikin ruwa. Wannan rabuwar ita ce kariya ta farko.

Ta biyu tana jikin p47, kuma ita ta fi burge ni. Shi ne yake jan ’yan’uwansa zuwa tantani, amma a naɗe yake zama, jelarsa ta lanƙwaso ta rufe daidai wurin da zai kama p22. Idan ƙwayar ta ji alamar cuta, wasu inzayim, musamman wanda ake kira PKC, sukan manna masa fosfet a jelar. Fosfet ɗaya ba ya isa, sai an manna a wurare da dama jelar take saki. Ya warware, ya kama p22, ya kawo p67 inda ake bukatarsa. Saboda haka ƙaramar tsokana ba ta tayar da shi.

Ta uku ita ce Rac, wanda yake da tasa hanyar dabam. Wani furotin mai suna GDI yana riƙe da shi cikin ruwa. Sai an sake shi, ya ajiye sinadarin GDP ya ɗauki GTP, sannan ya je tantani ya kama p67, shi kuma p67 ya taɓa NOX2 ilektiron ya fara gudu. Idan p47 ya iso Rac bai zo ba, babu abin da zai faru. Saƙo biyu ta hanya biyu, dole su haɗu a lokaci ɗaya a wuri ɗaya.

Ta huɗu ita ce wuri. Idan niyutirofil ta haɗiye ƙwayar cuta, takan rufe ta cikin jaka ta tantani. A jikin wannan jaka wani irin maiƙo na musamman yake bayyana, kuma p40 shi yake ganewa ya manne masa. Sai inzayim ɗin ya haɗu a bangon jakar, ya riƙa zuba gubar ciki, inda abokin gaba yake a kulle, naman jiki yana waje.

Akwai kuma matakin shiri. Idan ƙwayar ta ji ƙanshin gubar bakteriya, ko saƙon kumburi irin TNF, ba ta fara aiki nan take ba. Takan matso da sassan kusa, ta manna fosfet kaɗan, ta jira. Idan saƙo na biyu ya zo, martanin yakan ninka sau da yawa. Idan bai zo ba, ta lafa.

Ko bayan ya tashi, ba a sake masa linzami. Kowane ilektiron da ya tsallake tantani yana barin cajin lantarki a baya, kuma idan cajin ya taru, inzayim ɗin da kansa yake tsayawa. Masana a Bristol ta Ingila sun nuna a 1987 cewa dole wata ƙofa ta buɗe ta fitar da furoton domin daidaita cajin, kuma a 2006 aka gano ƙwayar gadon ƙofar. Sannan Rac yakan mayar da GTP ɗinsa GDP ya janye, wasu inzayim su cire fosfet daga p47, taron ya watse. Abin da ya tsere waje kuma akwai masu share shi: SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, da katalas, da gulutatayon. Kumfar da ake gani idan an zuba haidirojin feroksayid a ciwo, katalas ne yake farfasa shi zuwa ruwa da oksijin.

Nan ne wannan ilimi ya haɗu da abin da muke gani kullum a asibitocinmu. NADPH ɗin da ake ƙera gubar da shi, da shi ne kuma ake sabunta gulutatayon mai kare ƙwaya daga ita. Tushensa ɗaya, inzayim mai suna G6PD. Mutane kusan miliyan 400 a duniya suna da ƙarancinsa, kuma ƙasarmu tana cikin inda ya fi yawa, musamman ga maza. Irin wanda ya fi yawa a wajenmu ba ya cika taɓa fararen ƙwayoyi, domin suna iya ƙera sabon inzayim. Jajayen ƙwayoyi ne ba sa iyawa. Na sha ganin jariri ɗan kwana kaɗan, ido da fata sun yi rawaya da shawara, a bincika a tarar kayan da aka sa masa sun daɗe a akwati tare da kafur. Na sha ganin babba ya sha wani magani fitsarinsa ya yi duhu, jininsa ya faɗi. Yaron can rashin oksijin mai ƙuna ya kashe shi. Waɗannan kuma rashin garkuwa daga gare shi ne yake farfasa musu jini. Gefe biyu ne na ma’auni ɗaya.

A shekarun 1990 sai maganar ta ƙara faɗi. A 1994 Kathy Griendling a Jami’ar Emory da ke Atlanta ta nuna cewa anjiyotensin, sinadarin da ke ɗaga bugun jini, yana tayar da irin wannan inzayim a bangon hanyoyin jini. A 1999 David Lambeth, a wannan jami’a, ya gano ɗan’uwan NOX2 na farko. Yau an san su bakwai ne a jikin ɗan Adam, kowanne da yadda ake riƙe shi. NOX5 da DUOX biyu suna jiran sinadarin kalsiyam ya ƙaru a cikin ƙwaya. NOX4, wanda ya fi yawa a ƙoda, kusan kullum a buɗe yake, sai dai ƙwayar ta ƙara ko ta rage yawan wanda take ƙerawa. DUOX2 yana samar da feroksayid ɗin da ƙullin tayirod na wuya yake ɗora aidin da shi, kuma jaririn da nasa ya lalace yakan taso da ƙarancin sinadarin tayirod. NOX3 yana cikin kunne, ɓerayen da suka rasa shi ba sa iya daidaita tsayuwarsu. Ke nan oksijin mai ƙuna, ban da kisa, saƙo ne da kayan gini. Idan kuma ya wuce kima a hanyoyin jini, yakan lalata sinadarin da ke sassauta su, ya taimaka wa hawan jini. An sami ƙaruwar aikin inzayim ɗin har a jajayen ƙwayoyin masu sikila.

Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji masu tallar ƙwayoyin ƙarin lafiya a rediyo da tasha suna cewa maganinsu zai wanke wannan guba daga jiki kakaf. An gwada irin wannan tunani. A Finland an ba maza masu shan taba kimanin 29,000 wasu ƙwayoyin, aka fitar da sakamako a 1994: waɗanda suka sha beta-karotin, sankarar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin ɗari. A 1996 aka dakatar da wani gwajin makamancinsa a Amurka kafin lokacinsa saboda irin wannan sakamako. Masu CGD ma, da ba sa ƙera sufaroksayid a fararen ƙwayoyinsu, ba su tsira daga kumburi ba. Suna fama da kumburin hanji da ƙulle-ƙulle a sassan jiki, domin sinadarin yana cikin abubuwan da ke gaya wa kumburi ya lafa. Jiki awo yake yi: nawa, a ina, yaushe, har zuwa yaushe. Zogale, alayyafo, yakuwa, lemo da gwanda sun ishi mai lafiya, ƙwayar magani kuwa sai likita ya rubuta.

A Amurka ana ƙiyasta cewa cikin haihuwa kimanin 200,000 ake samun mai CGD guda, kuma kusan kashi biyu cikin uku irin na kuromosom X ne. Amma a ƙasashen da auren zumunci ya yi yawa, irin su Iran, Turkiyya da Masar, irin da ake gada daga uwa da uba tare ya fi bayyana, kuma yana kama mata kamar yadda yake kama maza. Mu ma masu auren zumunci ne. Yau akwai gwajin DHR da ya fi namu na da inganci, akwai Septrin da itirakonazol na rigakafi, akwai dashen ɓargo da ke warkar da cutar. Ko inda babu na’ura, tsohon gwajin NBT bai fi ƙarfin lab mai madubi da ma’aikaci mai haƙuri ba.

Kirana ga iyaye shi ne, yaron da maruru yake yawan dawo masa, ko tabon BCG ɗinsa ya ƙi warkewa, ko ciwon ƙirji ya ƙi jin magani, musamman idan an taɓa rasa yara maza ta ɓangaren uwa da irin wannan, a kai shi babban asibiti a nemi a duba aikin fararen ƙwayoyinsa. A raba kayan jarirai da kafur. A daina ɗora wa uwa ko kishiya laifin abin da yake halitta. Ku kuma ’ya’yana masu aikin lab, kada ku tsaya a ƙidaya. Ƙwayar da ta cika adadi tana iya kasa aiki, kuma ku ne za ku fara ganin haka kafin kowa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a aikinku.